Ƙungiyar Jimi Hendrix: Gajeren Zamaninta a Landan da Dogon Amonta a Ƙasar Adar

Ranar kasuwar Madawa, in ka tsaya a rumfar masu cajin salula da tura waƙoƙi a kati, za ka ji wani kiɗan jita yana fita daga lasifika. Tsirkiya na kuka tana jan murya kamar goge, can kuma sai ta ɓarke da ruri kamar hadarin gabas. Samarin wurin za su ce maka kiɗan Buzaye ne, kuma gaskiyarsu. Sai dai wannan rurin na lantarki yana da kaka a ƙetaren teku, wata ƙungiya ta mutum uku da ko shekara uku ba ta cika ba a duniya. Sunanta The Jimi Hendrix Experience. Ta hau dandali karon farko ranar 13 ga Oktoba 1966, ta watse ranar 29 ga Yuni 1969.

An haifi jagoranta ranar 27 ga Nuwamba 1942 a birnin Seattle, can arewa maso yammacin Amurka, a gidan baƙar fata marasa hali. Johnny Allen aka fara raɗa masa. Da mahaifinsa ya dawo daga aikin soja sai ya sauya masa suna zuwa James Marshall Hendrix a 1946. Auren iyayen bai yi ƙarko ba, uwar kuma ta rasu a 1958 yana ɗan shekara goma sha biyar. Tun yana firamare malamai suka lura da yaron da ke yawo rungume da sandar shara yana kaɗa ta kamar jita. A 1957, wajen taya mahaifinsa kwashe tarkacen wani gida, ya tsinci ƴar ƙaramar jitar nan da ake kira yukulele, tsirkiya ɗaya tak ta rage mata. Da ita ya riƙa bin waƙoƙin rediyo da kunne. Wanda ya taɓa sauraron Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya san irin maganar da tsirkiya ɗaya ke iya yi. Shekara ta zagayo ya sami jita ta gaske a kan dalar Amurka biyar. Bahago ne, kuma wannan ya bi shi har ƙarshen ransa.

A 1961 ƴan sanda suka kama shi sau biyu cikin motar sata, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da soja. Ya zaɓi soja, aka tura shi rundunar ƴan laima ta 101 a Fort Campbell, aka sallame shi a tsakiyar 1962. Shi dai yakan ce ƙafa ya karya wajen dirowa daga jirgi. Takardun rundunar da aka gani daga baya sun nuna manyansa ne suka ga hankalinsa na kan jita, bai dace da aikin ba. Ribar da ya ci a bariki ita ce abota da Billy Cox, mai kaɗa jitar bas.

Daga 1962 zuwa 1966 zaman yaron makaɗi ya yi. Lokacin wariyar launin fata na da ƙarfi a kudancin Amurka, baƙar fata na da nasu gidajen rawa daban, kuma a nan ya yi ta gararamba yana kaɗa wa manya: Isley Brothers a 1964, Little Richard a 1965, da wasu da dama. Yau a kore shi don ya makara, gobe don ya ɗauke wa maigida hankalin ƴan kallo. Irin horon da ɗan amshi ke sha ne a bayan makaɗan fada, shekaru yana ɗaukar kaya kafin a bar shi ya buɗe baki. A can ya ƙoshi da kiɗan bulus na su Muddy Waters da B.B. King. Mafi yawan wannan kiɗa a kan matakan sauti biyar yake tafiya, kamar akasarin kiɗan Hausa da na Abzinawa. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafin da ya fitar a 1999, yana ganin jijiyar bulus ta fito ne daga wannan yanki namu na Sudan ta yamma da ta tsakiya, ta hanyar bayin da aka kwasa. Ra'ayin masani ne, amma kunne na gaskata shi.

Ita kuwa kalmar saikedelik, wadda ake kiran salon kiɗan ƙungiyarsa da ita, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila mai aiki a Kanada, Humphry Osmond, shi ya ƙera ta a 1956 daga Girkanci, ma'anarta abin da ke fito da ɓoyen rai fili. Ya yi ta ne don siffanta ƙwayoyi irin su LSD, wadda Albert Hofmann ya haɗa a Basel a 1938, ya gano aikinta a 1943. A tsakiyar shekarun 1960 matasan San Francisco da Landan, waɗanda suka gaji da yaƙin Biyetnam da tsarin iyayensu, suka shiga neman kiɗan da zai kwaikwayi wannan ɗaukewar hankali: waƙa mai tsawo, sauti mai lanƙwasa da amsa-kuwwa, wani lokaci har da kayan kiɗan Indiya. Masu niyyar sun yi yawa. Mai hannun da zai cika ta ne ba a samu ba tukuna.

A damunar 1966 Hendrix na wasa a wani ɗan gidan shan gahawa a New York, Cafe Wha?, ba kowa ya san shi ba. Chas Chandler, mai bas na ƙungiyar Animals wanda ke shirin komawa manajan mawaƙa, ya ji shi ya ce a bi shi Ingila. Suka sauka Landan ranar 24 ga Satumba 1966. Cikin mako biyu aka nemo masa abokan tafiya Turawa biyu. Noel Redding ɗan jita ne da ya zo neman wani aiki, aka miƙa masa bas ya karɓa. Mitch Mitchell mai ganguna ya taso ne a kiɗan jaz, hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ana cewa kwabo aka jefa sama tsakaninsa da wani mai ganguna, Aynsley Dunbar, ya ci. Daga bakin Chandler labarin ya fito. Abin da ke rubuce shi ne wasansu na farko a garin Évreux na Faransa aka yi shi, suna share wa Johnny Hallyday fage. A Disamba suka fitar da «Hey Joe», ta kai ta shida a jerin waƙoƙin Ingila. «Purple Haze» ta biyo a Maris 1967 ta kai ta uku. Faifansu na farko, Are You Experienced, ya fito ranar 12 ga Mayu 1967, ya tsaya na biyu, Beatles kaɗai ke gabansa.

A nan ya kamata a dakata a duba abin da mutumin nan ya yi wa jita, don shi ne gādon da ya iso mana. Jitar Fender Stratocaster ta na-dama ya ɗauka ya kifa ta, ya sake jera tsirkiyoyin don hagunsa. Ya haɗa ta da manyan amfilifayar Marshall ya murɗe su har ƙarshe. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da lasifikar biki ya san ƙarar nan mai huda kunne da ke tashi in makirfo ya matso kusa da ita, mai kayan ya ruga ya rage murya. Makaɗan zamanin gudun wannan ƙara suke. Hendrix ya kama ta ya sa mata linzami: ya matsa kusa da lasifika ta tashi, ya juya jiki ta sauya murya, ya ja ƙarfen jita ta yi ƙasa kamar jirgi zai faɗi. A ƙasa kuma ga ƴan akwatunan da yake takawa. Ɗaya na dagula sauti ya yi kauri da gurnani, ana ce mata fuz. Ɗaya na sa jita ta buɗe baki ta rufe kamar jariri na kuka, ita ce wawa, sunanta daga kukanta. Wani injiniya, Roger Mayer, ya ƙera masa wadda ke ninka sauti zuwa sama. Da wannan duka, jita da aka sani da ɗan tsinke, a taɓa ta yi ƙara ta mutu, ta koma abin da ke riƙe numfashi ɗaya tsawon lokaci yadda izgar goge ke yi. A situdiyo kuma shi da Eddie Kramer suka riƙa juya zaren ɗaukar sauti baya, suna yawo da kiɗa daga kunnen dama zuwa na hagu. Mutum uku ne, amma in ka rufe ido sai ka rantse taro ne.

Ƙasarsa ba ta san shi ba sai ranar 18 ga Yuni 1967, a bikin kiɗa na Monterey a Kalifoniya, inda Paul McCartney ya sa baki aka gayyace su. A ƙarshen wasan ya durƙusa ya zuba wa jitarsa mai ya cinna mata wuta. Hoton nan ya zagaye duniya, kuma a ganina ya cuce shi, don daga ranar jama'a da yawa wuta suke zuwa kallo. Faifai na biyu, Axis: Bold as Love, ya fito a Disamba 1967. Na uku, Electric Ladyland, mai faifai biyu a jaka ɗaya, ya fito a Oktoba 1968 ya hau na ɗaya a Amurka. Faifai uku cikin wata goma sha bakwai, ga wasanni ɗaruruwa a tsakani.

Wannan gudun shi ya fara cin ƙungiyar. Wajen aikin faifai na uku a New York, Hendrix ya zama ba ya gamsuwa da komai, waƙa ɗaya a maimaita ta fiye da sau arba'in, situdiyo cike da ƴan rakiya da ba su da aikin yi. Chandler, wanda ya saba a shiga a gama a fita, ya tattara nasa ya bar su da ɗaya manajan, Michael Jeffery. Redding ya gaji da zaman jira, ga shi dama zuciyarsa na kan jita, har ya kafa tasa ƙungiyar, Fat Mattress. A wasu waƙoƙin faifan Hendrix da kansa ya kaɗa bas ɗin. Ga kuma tsohon bashi: a 1965, lokacin yunwa, ya sa hannu a wata takarda da Ed Chalpin a kan dala ɗaya da kashi ɗaya cikin ɗari na riba, takardar da ta jawo masa shari'a har bayan ransa. Wasu ƴan gwagwarmayar baƙar fata kuma na yi masa gorin yana wasa da Turawa don Turawa. Ranar 3 ga Mayu 1969 aka kama shi a filin jirgin Toronto da ƙwaya a jakarsa, ko da yake kotu ta wanke shi a Disamba. Wasan ƙarshe a Denver aka yi shi, ƴan sanda na harba barkonon tsohuwa, aka fitar da su ukun a bayan motar kaya. Washegari Redding ya kama hanyar Landan. Shekara biyu da wata takwas ke nan da ƴan kwanaki.

Bayan watsewar ya je hutu Maroko na ƴan kwanaki a damunar 1969, tafiyarsa ɗaya tilo zuwa Afirka. Mutanen Essaouira har yau suna ba baƙi labarin cewa wani kangon fada da ke bakin teku a ƙauyen Diabat shi ya sa ya yi waƙarsa «Castles Made of Sand». Zance ne na masu jan baƙi, don waƙar ta fito tun 1967, shekara biyu kafin ya taka ƙasar. Ya rufe bikin Woodstock da safiyar 18 ga Agusta 1969 tare da wasu makaɗan, ya yi ƴar gajeruwar tafiya da Billy Cox da Buddy Miles, sannan ya koma yawo da Cox da Mitchell. Ranar 18 ga Satumba 1970 ya mutu a Landan yana da shekara 27, bayan ya sha ƙwayoyin barci fiye da kima, amai ya shaƙe shi. Ina faɗin wannan ƙarara saboda ƙannenmu da ke haɗiyar tiramol suna cewa ita ke ba da basira. Hannun Hendrix shekaru huɗu na bauta a bayan manya suka gina shi. Abin da ƙwaya ta ba shi kabari ne.

Amon ya shigo Afirka ta Yamma ta ƙofar Legas. Yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare a Janairu 1970, matasa suka fito da kunnen da ya saba da ƙarar bindiga, suka rungumi jitar fuz. A ƙarshen 1971 Ginger Baker, mai gangunan ƙungiyar Cream, ya keto Sahara da mota ta Aljeriya da Nijar zuwa Legas, inda ya kafa situdiyo. Daga cikin yaran da suka yi aiki da shi aka sami ƙungiyar BLO, su ma mutum uku, da faifansu na farko a 1973. A shekarar ce kuma ɗaliban kwalejin St. Gregory suka fito da sunan Ofege. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi ba su kai ƙarshen shekarun 1970 da wannan salon ba, disko ya zo ya share su.

A Adar kuwa iri ya faɗa a ƙasar da aka daɗe da yi wa huɗa. Tun asali ƙasar Azna ce, Hausawa masu ƙasa da ke riƙe da al'adun kakanni a duwatsun Keita da Buza da kwarin Majiya. Tarihin sarakunan Agadas ya nuna Agabba, ɗan Sarkin Abzin Muhammad al-Mubarak, ya karɓe Adar daga hannun Kabi wajen 1674, kuma Farfesa Djibo Hamani ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa na 1975. Abzinawan Lisawan suka zauna a Keita, na Kel Geres suka gangaro wajen Madawa a ƙarni na 18. Saboda haka kunnen Ba'adare ya tashi da abu biyu. Ga gogen bori da ƙwarya, inda ake nanata taken iska ɗaya ana ƙara masa wuta har mai hawa ya hau. Ga kuma tende da imzad na matan Abzinawa, imzad ɗin shi ma goge ne mai tsirkiya ɗaya. Abin da matasan San Francisco ke nema a ƙwaya, wato kiɗan da zai raba mutum da inda yake zaune, makaɗan nan sun san hanyarsa da izga da ƙwarya tun kafin a ƙera jitar lantarki.

Hanyar shigowar kayan kuma cirani ce. Adarawa mutanen tafiya ne, kuma farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya ƙara tura samari Abijan da Legas da Kano da Libiya. Mai dawowa yakan riƙo rediyo mai kaset a kafaɗa. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da ƙungiyar matasa ta Samariya, aka riƙa bikin matasa na ƙasa inda kowace jaha ke kawo makaɗanta, abin da ya sa manyan garuruwa suka mallaki jita da amfilifaya. A 1987 aka soma gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, fitaccen makaɗin Tawa.

Cikin wannan yanayi, a shekarun 1970, wani ɗan jita da aka fi sani da Mona ya ja ƙungiya a Tawa mai suna Azna de l'Ader. Sunan kaɗai ya isa bayani. Sun ɗauki fuz da kukan jita irin na Hendrix, suka aza a kan kiɗan gida, suka kira kansu da sunan mutanen farko na ƙasar. Ƙungiyar Landan ba ta cika shekara uku ba, ta Tawa ta yi wajen arba'in, akasarin wasanta a cikin jaha. Sai a ƙarshen shekarun 2010 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya fitar musu da faifai mai suna Zabaya, duniya ta ji su. Abin na yi mini ciwo: faifai uku na Hendrix an sake buga su ba adadi, an rubuta littattafai a kan kowane mako na rayuwarsa, mu kuma namu sun tsufa a gabanmu sai da baƙo ya zo daga Amurka.

Reshe na biyu ta arewa ya ɓullo. Ishumar, samarin Abzinawa da fari ya kora Aljeriya da Libiya, su suka kafa Tinariwen wajen 1979. A Nijar Abdallah ag Oumbadougou ne ya ja gaba da ƙungiyarsa Takrist n Akal. Bayan kisan Cintabaradan na Mayu 1990 tawaye ya ɓarke, kasetsa suka zama abin ɓoyewa, har zuwa sulhun 24 ga Afrilu 1995. Bombino na Agadas ya faɗa da bakinsa cewa a gudun hijira ya riƙa kallon bidiyon Hendrix yana kwaikwayo. Shi kuwa Mahamadou Souleymane, wato Mdou Moctar, ɗan arewacin jihar Tawa da aka haifa a tsakiyar shekarun 1980, jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya harhaɗa ta, don gidansu na malamai ne ba a son kiɗa. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da salon muryar kwamfuta irin na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula har suka shiga tarin da Sahel Sounds ya fitar a 2011. Faifansa Ilana na 2019 da Afrique Victime na 2021 su suka kai rurin jitar jihar Tawa manyan dandalin Turai da Amurka. Shi ma bahago ne, shi ma Stratocaster yake riƙewa, shi ya sa jaridun Turawa suka laƙaba masa Hendrix na Sahara. Laƙabin nasu ne. In an tambaye shi wanda ya sa shi ɗaukar jita, Abdallah yake ambata, wanda ya rasu a Janairu 2020.

Chandler ya mutu a 1996, Redding a 2003, Mitchell a 2008, kuma sautin da suka ɗauka na nan a adane. Namu na cikin kaset a ƙasan akwatunan ƙarfe a Keita da Buza da Madawa, zafi na narkar da zaren, gara na cin kwalin. Ina roƙon gidajen rediyon karkara da gidajen al'adu na waɗannan gundumomi uku su yi shela a kawo tsofaffin kaset na bukukuwa da na Samariya, a juye su a kwamfuta, a zauna da dattawan da suka kaɗa su a rubuta sunan kowa da shekarar da ya yi wasa. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan akwati a ɗakin mahaifinka, buɗe shi a wannan makon.